Shawara: Ɗalibaina sun iya intabiyu, amma ba su san abin yi bayan an tashi ba

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata kwaleji, kuma bana aka ɗora mini nauyin shirya 'yan ajin ƙarshe kafin su fita neman aiki. Na koya musu rubuta takardar neman aiki da amsa tambayoyin intabiyu, kuma suna ƙoƙari. Inda nake rasa abin cewa shi ne bayan an tashi daga intabiyun. Wani ɗalibina ya riƙa kiran kamfanin kullum har suka daina ɗaga wayarsa. Wata kuma aka kira ta aka ce ta samu aiki, ta ajiye ɗan aikin da take yi a ranar, da takarda ta fito sai ta ga albashin bai kai abin da aka gaya mata a waya ba. Sauran kuwa shiru suke yi, su zauna jira wata da watanni. Ni kaina aikin koyarwa kaɗai na taɓa nema. An ba ni zama uku, kowanne na minti 90. Me zan koya musu, kuma ta yaya?

Wata malama

Amsa

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka da alheri da wannan kulawa. Zama uku sun isa, muddin ba a cinye su da bayani a gaban allo ba. Yaron da ya riƙa kira kullum, da yarinyar da ta amsa a waya, da masu shiru, duk abu ɗaya ne ya same su. Sun isa wurin da ake buƙatar wata magana da ba su taɓa furtawa ba, sai fargaba ta zaɓa musu abin yi. Wanda bai taɓa cewa "ina roƙon a ba ni kwana uku in karanta takardar" da bakinsa ba, ba zai fara ranar da manaja ke kan waya yana jiran amsa ba. Saboda haka a kowane zama ki ɗauki minti 20 ki yi bayani, sauran lokacin su rubuta, su faɗa da baki a gaban juna, ke kuma ki gyara.

Zaman farko na bibiya ne, kuma bibiya tun a ɗakin intabiyu take farawa. Idan aka zo ƙarshe aka ce wa ɗalibi ko yana da tambaya, lallai a samu wannan cikin abin da zai tambaya: "Zuwa yaushe kuke sa ran yanke shawara, kuma wa zan tuntuɓa idan ina son jin inda aka kwana?" Amsar za ta ba shi rana da suna, kuma su biyun nan ne maganin zaman zullumi. Da ya fito, kafin ya kira gida ya ba da labari, ya samu wuri ya zauna minti goma ya rubuta sunayen waɗanda suka yi masa tambayoyi da muƙamansu, tambayar da ta ba shi wahala, abin da aka ce game da albashi da ranar fara aiki, da duk takardar da ya yi alkawarin turowa. Bayan kwana biyu rabin wannan ya fice daga kansa, alhali idan aka kira shi zagaye na biyu daga nan za a ɗora.

Sai saƙon godiya, a tura shi cikin awa 24. Dalilin saurin shi ne masu intabiyu sukan ba da maki su tattauna a ranar ko washegari, saƙon da ya zo bayan mako guda ya tarar an gama. Ki gaya musu gaskiya, saƙon godiya ba ya ɗaga wanda ya faɗi. Amfaninsa yana fitowa ne idan mutum biyu suka yi kunnen doki, kuma yana buɗe hanyar da za a bi a sake tuntuɓa ba tare da an ji nauyi ba. Kada ya wuce layi shida. Ga yadda yake, a juya shi zuwa harshen da aka yi intabiyun da shi:

"Malam wane, barka da aiki. Na gode da lokacin da kuka ba ni jiya a intabiyun muƙamin mataimakin akanta. Bayanin da kuka yi game da mayar da lissafin kamfani daga takarda zuwa kwamfuta ya ƙara mini sha'awar aikin, domin irinsa na yi a lokacin da nake koyon aiki. Na haɗo kwafin takardar shaidar da kuka nema. Ina sauraronku zuwa ranar 15 ga wata kamar yadda kuka faɗa."

Ki nuna musu jimlar da ta biyo bayan godiyar. Ita ce ran saƙon, domin ta ambaci abin da aka yi magana a kai a cikin ɗakin, wanda ba wani mai nema da zai iya kwafa. Ki sa kowa ya rubuta nasa a waya cikin minti goma, su yi musanya, ki zagaya. Kurakuran da za ki gani sanannu ne: kuskuren rubuta sunan mutum, tambayar albashi a saƙon godiya, adireshin imel mai sunan wasa, da kuma magiya irin ta "ku taimaka mini, da ni gidanmu ya dogara". Wannan ta ƙarshe ki tsaya a kanta, cikin tausasawa, domin sau da yawa gaskiya ce ɗalibin yake faɗa. Sai dai mai ɗaukar aiki zai je gaban nasa shugaban ya kare zaɓin da ya yi, kuma abin da zai faɗa a can shi ne abin da mutum ya iya. A bi hanyar da kamfanin ya bi wajen gayyata. Idan imel suka turo, a amsa a kan wannan imel ɗin don saƙon ya hau kan tsohuwar magana. Ba saƙon murya, ba WhatsApp da tsakar dare, ba bin lambar wani ɗan kwamiti da aka samo ta bayan fage. Wasu ma'aikatu, musamman na gwamnati da manyan ƙungiyoyi, sukan rubuta a tallarsu cewa duk wanda ya nemi kamun ƙafa an cire shi. A irin wannan wuri ofishin kula da ma'aikata kaɗai ake rubuta wa.

Daga nan ki zana kalanda a allo. Ranar intabiyu, washegari godiya. Idan sun ba da rana, a bar ta ta wuce da ranakun aiki biyu sannan a yi bibiyar farko. Idan ba su ba da rana ba, a jira ranakun aiki bakwai zuwa goma. Layi uku sun isa: sunan muƙami da ranar intabiyu, cewa har yanzu ana son aikin, da tambayar ko akwai sabon lokacin da za a sa rai. In ba amsa, bayan mako guda a sake turawa sau ɗaya, shi ke nan. Bayan wannan ɗalibi ya ɗauka an rufe, ba tare da ya aika saƙon fushi ko gori ba.

Kalandar ba za ta zauna musu ba sai sun san abin da ke faruwa a ɗaya ɓangaren. Jinkiri yakan zo ne saboda mai sa hannu ya yi tafiya, ko ba a amince da kuɗin muƙamin ba tukuna, ko akwai sauran waɗanda ba a gana da su ba. Akwai kuma dalilin da ɗalibai ba sa kawowa a rai: an riga an yi wa na ɗaya tayi, ana jiran amsarsa, shi ya sa aka bar na biyu shiru da gangan, ba a ce ya samu ba, ba a ce ya rasa ba. Idan na ɗaya ya ƙi, na biyu za a kira. Wanda ya dame su da kira kullum a wannan tsakanin da hannunsa yake cire kansa daga layi, domin ya nuna musu yadda zai kasance idan aka ba shi aiki aka ce ya jira.

Masu shiru kuwa maganinsu ci gaba da nema. Kowa ya ja jadawali a littafi ko a waya: sunan kamfani, muƙami, ranar intabiyu, wanda ake magana da shi, ranar da suka ce, ranar bibiya, da abin da ya biyo baya. Mai wurare biyar a jadawalinsa ba ya jiran gawon shanu a kan ɗaya. Su kuma sanar da waɗanda suka ba da sunayensu a matsayin masu shaida cewa ana iya kiransu, su tura musu bayanin aikin, domin takarda takan makale mako biyu a kan malamin da bai duba imel ɗinsa ba. In amsar ta zo cewa ba a dace ba, a mayar da godiya a layi biyu, a tambayi abu ɗaya da za a gyara. Da yawa ba za su amsa ba saboda ƙa'idar wurinsu, kuma wanda ya amsa ba a jayayya da shi.

Zama na biyu shi ne mafi nauyi, kuma in lokaci zai ƙure, gara ki rage daga sauran biyun ki ƙara masa. Ki fara da kiran waya. Ki sa kujeru biyu baya da baya, ke ki zama manaja, ki ce da fara'a: "Muna taya ki murna, kin samu aikin. Za ki iya farawa ranar Litinin?" Ki bar ɗalibar farko ta amsa yadda ta ga dama. Kusan tabbas za ta ce eh kafin ki rufe baki, kuma ajin zai gane kansa a cikinta. Sannan ki ba su abin da ake faɗa:

"Na gode ƙwarai, na yi farin ciki da wannan labari. Don Allah a turo mini takardar tayin da cikakkun sharuɗɗa in karanta. Zuwa yaushe kuke buƙatar amsata?"

A nan an nuna murna, an yi ladabi, amma ba a ɗaure kai ba. Kowa a ajin ya faɗe ta da bakinsa aƙalla sau biyu, a karo na biyu ke kuma ki matsa: "Ai ba sai an jira takarda ba, ki dai ce mana eh." Amsar ita ce: "Ina son aikin sosai, shi ya sa nake son in karanta in amsa muku da tabbaci. Kwana uku sun ishe ni." Ranakun aiki biyu zuwa uku abu ne da aka saba bayarwa, mako guda ma ana samu idan akwai dalili kamar ƙaura zuwa wani gari. Kamfanin da ya ce lallai sai an amsa a kan waya yanzu, ba takarda, ya riga ya nuna yadda yake riƙe mutanensa. Amsa tayin baka cinikin biri a sama ne. Wanda ya kira yana iya faɗin adadin da bai tabbatar ba, ko ya faɗi jimillar albashi ɗalibi ya ji kamar abin da zai shiga hannunsa ne, kuma idan saɓani ya taso abin da aka rubuta shi ke da nauyi.

Ƙa'idar ajiye tsohon aiki ki rubuta ta a allo su kwafa: ba a ajiyewa sai takarda ta zo da sa hannu, an cika duk sharaɗin da aka gindaya, kuma an tsayar da ranar farawa a rubuce. Batun sharaɗi ya fi shafar ɗalibanki fiye da kowa. Tayi da yawa ana yinsu ne bisa sharaɗin tantance takardun makaranta, gwajin lafiya, jin ta bakin masu shaida, ko kammala karatu da wani matakin sakamako. Ɗan ajin ƙarshe ya tambaya tun farko: idan sakamako ya yi jinkirin fitowa, za a karɓi wasiƙar makaranta a madadinsa, kuma har zuwa yaushe za a riƙe masa gurbin?

Sai karatun takardar kanta. Ki rubuta takardar tayi ta gwaji mai shafi biyu, da sunan kamfanin da babu shi, ki binne tarko shida a ciki, ki raba su bibbiyu su nemo cikin minti 25. Tarkon farko lissafi ne. A ce an rubuta albashi 240,000 a shekara, ko da kuɗin wace ƙasa ne. Ɗalibi zai raba 12 ya samu 20,000 a wata ya fara murna. Amma a ƙasa an fayyace cewa 24,000 daga ciki ladan ƙwazo ne da ake biya idan an cim ma abin da aka sa, 12,000 kuma alawus ɗin hutu ne da ake biya sau ɗaya a shekara. Saura 204,000, wato 17,000 a wata. A ce haraji da kuɗin fansho sun ɗauki kashi 15 cikin ɗari, an cire 2,550, abin da zai shiga asusu 14,450 ne. Ki bar su su yi lissafin da hannunsu su ga tazarar da ke tsakanin 20,000 da 14,450, sannan su cire kuɗin zuwa da dawowa na wata, da haya idan aikin a wani gari yake. Abin da ake cirewa ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka tambayar da za su riƙe ita ce: "Nawa ne zai shigo asusuna a ƙarshen wata bayan an cire komai?" Ofishin kula da ma'aikata na iya amsa wannan a rubuce, kuma babu rashin kunya a tambayar.

Tarko na biyu lokacin gwaji, wanda yawanci wata uku ne zuwa shida. A duba ko albashi cikakke ne a lokacin, kwana nawa ne notis idan za a sallami mutum a cikinsa, ko ana iya tsawaita shi, da ko tabbatarwa takan zo a rubuce. Na uku, wa ya ɗauke ka? Wani lokaci a kamfani ɗaya aka yi intabiyu, amma sunan da ke kan takarda na kamfanin da ke samar musu da ma'aikata ne, kuma a wurinsa albashi da fansho da inshorar lafiya suke. Wannan ba laifi ba ne, amma a shiga da sani. Haka a duba ko aikin na dindindin ne ko kwantiragin shekara ɗaya, da abin da aka ce game da sabuntawa. Na huɗu wurin aiki da lokutansa: layin da ya ce ana iya tura ma'aikaci kowane reshe, awa nawa a mako, ko ana biyan ƙarin lokaci, kwana nawa ne hutun shekara.

Na biyar shi ne wanda ya fi kama sababbin ma'aikata, wato yarjejeniyar horo. Kamfani zai horar da kai, kai kuma ka ɗauki alkawarin zama shekara biyu ko uku, in ka tafi kafin nan ka biya. Tambayoyi uku ake yi: nawa ne kuɗin a rubuce, yana raguwa da kowane watan da aka yi ana aiki ko yana nan yadda yake har ranar ƙarshe, kuma idan su ne suka sallame ka, za ka biya? Kusa da shi akwai layin da ke hana mutum aiki da kamfanin da ke gogayya da su bayan ya tafi. Ƙarfin irin wannan layi a gaban kotu ya danganta da dokar ƙasa, don haka idan ya yi faɗi da yawa a nuna wa lauya ko ƙungiyar ƙwadago kafin sa hannu. Na shida kuwa ki sa layin da ya ce kamfani zai riƙe ainihin takardun makaranta ko fasfo. Wannan ba a yarda da shi. A nuna na ainihi a tantance, a bar kwafi, a tafi da abinsa. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta lissafa riƙe takardun shaidar ma'aikaci cikin alamomin aikin tilas.

Kafin a tashi ki ba 'yan damfara minti goma, domin masu neman aikin farko su ne abin farautarsu. Alamar da ta fi kowace ita ce a nemi kuɗi daga mai neman aiki, ko da sunan fom, ko horo, ko gwajin lafiya, ko biza, musamman a ce a tura asusun wani mutum. Yarjejeniyar ILO mai lamba 181 ta shekarar 1997 ta kafa ƙa'idar cewa kamfanonin samar da aiki masu zaman kansu ba sa cajin ma'aikaci kuɗi, duk da cewa ba kowace ƙasa ce ta rattaba hannu a kanta ba. Sauran alamun su ne tayi ba tare da intabiyu ba, babban kamfani yana rubutu da adireshin imel na kyauta, albashin da ya wuce hankali, da neman lambar sirri ta banki. Hanyar tantancewa ɗaya ce: a nemo lambar kamfanin daga shafinsa na intanet, ba daga takardar da aka turo ba, a kira a tambaya ko tayin daga wurinsu ya fito.

Zama na uku na cinikin albashi ne da yanke shawara. Lokacin ciniki ƙanƙani ne, daga zuwan takarda zuwa sa hannu. Kafin nan ba a zaɓe ka ba, bayan nan bakin alƙalami ya bushe. Kada ki ɗaga musu buri. Sabon mai digiri ba shi da faɗin wuri sosai, kuma aikin gwamnati da shirye-shiryen manyan kamfanoni na ɗaukar sababbin ɗalibai sukan zo da matakin albashi a tsaye. A irin waɗannan abin tambaya kawai shi ne ko an ɗora mutum a matakin da takardunsa suka cancanta. A sauran wurare, neman ƙarin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, cikin ladabi da dalili, ba abu ne da kamfanin kirki zai janye tayi a kansa ba.

Dalilin sai an nemo shi. Ɗalibi ya tambayi mutum uku da suka yi shekara ɗaya ko biyu a irin aikin, ya duba tallace-tallacen da suka bayyana albashi, ya leƙa shafuka irin su LinkedIn da Glassdoor amma da taka-tsantsan, domin alƙalumansu kan gauraya garuruwa da matakai. Daga nan ya rubuta lamba uku kafin ya ɗaga waya: mafi ƙarancin da zai iya rayuwa da shi, abin da yake fata, da abin da zai fara nema. Sai ya ce: "Na karanta takardar, kuma ina son in karɓa. Bisa abin da na bincika na irin wannan aiki, da kuma ƙwarewar da nake da ita a manhajar da kuke amfani da ita, ko akwai damar a kai albashin kaza?" Sannan ya yi shiru. Wannan shirun ki sa su gwada shi a aji, su ƙirga goma a zuci, domin a nan masu kunya suke rushe abin da suka gina, su yi saurin cewa "amma in ba hali ba komai" tun ɗayan bai buɗe baki ba.

A haɗa buƙatu a kawo su lokaci ɗaya, kada su wuce biyu ko uku. Wanda aka biya masa ɗaya ya dawo da wata, aka biya ya sake dawowa, yana gajiyar da mutanen da zai zauna da su gobe. Idan an ce albashi ba ya motsi, a nemi wani abin: a sake duba albashi bayan wata shida kuma a rubuta haka, ko taimakon kuɗin ƙaura, ko ɗaga ranar farawa da mako biyu, ko kuɗin jarrabawar ƙwarewa. Duk abin da aka amince, a nemi sabuwar takarda ko imel da ya faɗe shi. Idan kuwa tun a intabiyu aka tambayi nawa mutum yake so, ya fara tambayar abin da suka ware wa muƙamin. In an matsa, ya faɗi daga kaza zuwa kaza, yana sane da cewa ƙaramar lambar za su riƙe, don haka ta zama wadda zai iya karɓa da zuciya ɗaya. Abu biyu ki hana su gaba ɗaya: ƙirƙiro tayin ƙarya don a matsa wa kamfani, domin ana iya cewa a turo takardar, da kuma barin uba ko yaya ya kira kamfani a madadinsu. Shawara a gida ake yinta, amma muryar da kamfani zai ji ta mai aikin ce.

Wani ɗalibin zai samu kansa tsakanin wurare biyu: na farko ya ba da takarda yana son amsa ranar Juma'a, na biyu wanda ya fi so bai ce komai ba. Ya rubuta wa na biyu a ranar, ya ce ya samu tayi da ake jiran amsarsa ranar Juma'a, amma wurinsu ya fi so, ko za su iya sanar da shi matsayinsa kafin nan. Ba sai ya faɗi sunan ɗaya kamfanin ba. Ya kuma roƙi na farko ƙarin kwana biyu ko uku, sau ɗaya. Idan na biyu bai motsa ba, ya auna tayin da ke hannunsa shi kaɗai, kamar ɗayan babu shi: zai iya yin wannan aiki shekara guda ya koyi wani abu, kuma kuɗin zai riƙe shi? In eh, ya karɓa. Kada ya saki reshe ya kama ganye. Bayan ya sa hannu ya sanar da sauran wuraren cewa ya janye. Karɓar aiki sannan a fasa saboda wani ya fito yana ɓata suna a sana'ar da mutanenta suka san juna, yana kuma iya rufe ƙofa ga 'yan makarantarku na baya. In ya zama dole, a kira da wuri, a bi da rubutu, a duba abin da takarda ta ce game da notis.

Saƙon karɓa gajere ne, amma ya maimaita muƙami, albashi da ranar farawa, ya tambayi takardun da za a zo da su da wanda za a nema ranar farko, kuma a ajiye kwafin duk abin da aka sa wa hannu. Saƙon ƙin karɓa ya fi shi gajarta: godiya, cewa an zaɓi wata hanya, da fatan alheri, ba tare da kushe albashinsu ba. Ki ƙare zaman da kowa yana da saƙo biyar a ajiye a wayarsa, waɗanda kika duba: godiya, bibiya, neman lokaci, karɓa, da ƙin karɓa.

Su kuma ɗalibanki biyu, akwai sauran abin yi. Shi mai kiran ya dakata gaba ɗaya, bayan mako biyu ya tura imel ɗaya, ya ba da haƙuri a layi guda kan yawan kira, ya ce yana nan idan ana buƙatarsa, ya mayar da hankali wasu wuraren. Ita kuma, in ba ta sa hannu ba, ta rubuta wa wanda ya kira ta, ta ambaci ranar kiran da adadin da aka faɗa mata da wanda ke takarda, ta nemi a fayyace mata bambancin. Zai yiwu jimilla aka gaya mata takarda kuma ta nuna abin da ya rage bayan cire-cire, zai yiwu kuskure ne da za a gyara. In ta riga ta sa hannu, ta nemi a rubuta mata ranar da za a sake duba albashin bayan lokacin gwaji. Kuma ta tuntuɓi tsohon wurin aikinta tun ba a cike gurbin ba, ko da na wucin gadi ne. Idan za ki kawo labarinsu a aji, ki nemi izininsu tukuna, ki kuma sauya bayanan yadda abokan karatunsu ba za su gane su ba.